Iskar da Ka Sa wa Tayar Kekenka

Badarawa, Kaduna.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata ka sauka lafiya, ka samu masauki mai kyau da maƙwabta na kirki. Allah Ya tsare ka a zamanka da fitarka, Ya raba ka da sharrin hanya da na abin hawa. Ummanku tana gaishe ka ƙwarai, ta ce kada ka riƙa fita aiki ba ka karya ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba, kowa lafiya. Abin da ya sa na zauna na ɗauki biro maimakon in kira ka a waya shi ne har yanzu jikina bai gama komawa daidai ba, kuma na san in na ji muryarka faɗa zan kama yi, in gama ba ka fahimci komai ba.

Keken da ka bari a tsakar gida, wanda ka ce in ba direba ya kai maka ranar Juma'a, shi na je dubawa jiya da hantsi. Na danna tayar baya da yatsa, sai na ji ta kamar dutse. Na ɗauko gejin auna iska na ɗora a bawul, wato bakin da ake sa wa taya iska. Nasiru, allurar ta haura abin da aka rubuta a jikin tayar, ta wuce shi nesa ba kusa ba. Na ɗauka gejin ne ya samu matsala, na cire na sake ɗorawa, ta koma inda take. Tayar gaba ma haka. Ga keken a jingine da bangon da rana take duka har la'asar, dab da tabarmar da Ummanku take zama tana tsintar shinkafa. Da na tambaye ta, sai ta ce ai ranar da za ka tafi ka tura shi wurin mai faci na bakin titi, ka ce a cika tayoyin sosai don kada su sace kafin keken ya iso maka. Tana faɗa min tana murmushi, wai ka yi dabara. Na ce mata ta tashi ta shiga ɗaki tukuna, na durƙusa na kau da fuskata gefe, na riƙa sakin iskar a hankali har allurar ta sauko.

Ban ga laifinka ba. Keken nan ni na hau shi kafin in ba ka, kuma duk abin da ya faru tsakanina da shi kana makaranta ya faru. Abin da ka sani kawai shi ne Baba ya taɓa faɗuwa a keke. Yanzu da za ka riƙa shiga da shi rugage da ƙauyuka duba dabbobi, inda babu mai faci balle mai sayar da kayan keke, ya zama dole ka ji sauran.

Ka tuna bayan na yi ritaya likita ya ce hawan jinina ba zai sauka da ƙwaya kaɗai ba, sai na motsa jiki. Abokina Alhaji Tukur, mai sayar da yadi a kasuwa, shi ya ja ni hawan keke duk Asabar da safe, shi ya kuma raka ni na sayi wannan na gwanjo. A wurin ya nuna min cewa tayoyinsa tubles ne, wato babu tiyub a ciki. Leɓen tayar ne yake manne da rim, wato ƙarfen da take zaune a kai, ya riƙe iska, sannan ana zuba wani farin ruwa a ciki mai toshe huda in ƙaya ta shiga. Ya fara yi min bayanin irin famfon da ya dace, na katse shi. Na ce masa ni da na ƙare aikina a ma'aikatar ruwa, tsakanin bututu da geji, ba mai sayar da atamfa ne zai koya min famfo ba. Ya yi dariya ya ƙyale ni.

Na shiga kasuwa na sayi famfo siriri, irin wanda ake hura ƙwallo da kekunan yara, don ya fi araha kuma yana sheƙi. Ban ma duba bakinsa ba. Da na zo gida sai na tarar bai shiga bawul ɗin ba, domin bawul ɗin keken nan siriri ne mai ɗan noti a kai, ba irin mai kauri na mota da babur ba. Na koma na samo ɗan ƙarfen haɗi. Da haka na yi ta lallaɓawa har ranar da na canza tayar baya. Na sa sabuwa, na zuba ruwan, na kama bugu. Iskar tana shiga tana fita ta gefe, tayar tana kwance kamar tsumma. Na ƙara sauri. Farin ruwan nan ya riƙa tsartuwa a kan siminti da wandona. Tun bayan azahar nake abu ɗaya, zuciya ta hana ni bari, har na ji ƙeyata ta ɗaure, idanuna suka yi duhu. Ban san lokacin da na zube ba. Farkawa na yi na ga Ummanku tana yayyafa min ruwa tana salati, maƙwabta sun cika gidan. Mutumin da aka ce ya hau keke don jininsa ya sauka, ga shi famfon keke ya kusa aika shi lahira.

Abin da ban gane ba a lokacin, taya tubles ba ƙarfin hannu take so ba in za ta zauna a rim. Iska mai yawa take so a lokaci guda, wadda za ta tura leɓen ya manne kafin ta samu hanyar gudu. Famfo siriri kuwa kaɗan-kaɗan yake bayarwa, ko ka kwana kana bugu. Don haka in za ka zaɓi famfo, kada ƙyalli ya ruɗe ka, araha ba ta ado. Ka nemi na tsaye wanda ake taka ƙafarsa a ƙasa, mai kaurin jiki, mai gindin ƙarfe. Wanda ya fi shi ne mai ɗan tanki a gefe: za ka bubbuga iska ta taru a tankin, sannan ka murɗa makulli ta fita gaba ɗaya. Ka duba bakinsa yana cin bawul siriri da mai kauri, kuma yana da ɗan hannu mai kulle shi kada ya fizge. In da hali ka je da keken shagon ka gwada a gaban mai kaya. In taya ta ƙi zama, ka kwance ɗan cikin bawul ɗin don hanyar iska ta buɗe, ka shafa ruwan sabulu a leɓen. In ta sake ƙi, ka ajiye ka sha ruwa ka huta. Babu tayar da ta kai lafiyarka.

Da na ji sauƙi, maimakon in je wurin Tukur in sauke kai, sai na ce ai iska mai yawa ake so, kuma na san inda take. Na ɗora tayar a adaidaita sahu na kai wurin wani mai faci a Unguwar Sarki, mai babban injin da yake cika tayoyin motoci. Ya ce bai taɓa ganin tayar keke ba tiyub ba, na ce ya bar min wannan, shi dai ya riƙe tiyo. Tiyon nasa ba shi da geji, da dukan ƙarfe yake gane tayar mota ta cika. Na ɗaura ƙarfen haɗina, ya danna. Nan take na ji ƙas, ƙas, leɓen ya hau rim. Daɗi ya kama ni, ga masu babur a tsaye suna kallo suna mamaki. A nan ya kamata in ce ya isa. Sai na ce ya ƙara kaɗan don ta zauna da kyau. Ya ƙara. Na tsuguna na kara kunnena ina sauraron ko tana yoyo, na ce ya ƙara.

Ban ji ƙarar fashewar tayar kamar yadda sauran mutane suka ji ta ba. Ni dai na ji kamar an mare ni da faranti, na tsinci kaina zaune a ƙasa, wani abu mai sanyi ya rufe min ido. Na shafa na ji danshi, na ce shi ke nan idon ya tafi. Da na goge da hannun riga sai na ga fari ne ba ja ba, ruwan tayar ne. Sannan na ga titi. Nasiru, ka san garin nan da abin da ya gani, ka san yadda mutane suke in sun ji ƙara irin wannan. Masu babur sun watsar da baburansu, masu shaguna suna jan ƙofa, wata mota ta hau kan kwalbati. Kowa gudu yake, ni kuwa ba na jin komai sai wani dogon fito a kunnena na hagu.

Akwai wata mata mai suyar awara a gefen rumfar mai facin. Da ta zabura za ta gudu, zaninta ya ja kaskon, man da yake tafasa ya kwaro mata a ƙafa. Ita ce abin da na fara gani sosai da hankalina ya dawo, tana zaune a ƙasa ta riƙe ƙafar, bakinta a buɗe, ni ba na jin kukan. Ni da mai facin muka ɗauke ta muka kai asibiti. A hanya, da kunnena na dama ya fara buɗewa, na ji tana tambayar mai adaidaita ko mutum nawa suka mutu. Ya ce mata babu ko ɗaya, tayar keken wannan bawan Allah ce ta fashe. Ta juyo ta dube ni, fuskata duk farin ruwa ya bushe, ta ce, "Baba, keke? Keke ne ya yi min wannan?"

Ta daɗe tana jinya, na yi ta zirga-zirga har ta warke, ta kuma ce ta yafe, tsautsayi ne. Amma tabon yana nan, kuma ba ta ƙara suya a wurin ba. Rim ɗin ya lanƙwashe, sai da na sake wani. Kunnena na hagu kuwa, da kuke cewa tsufa ne ya sa nake juyo muku da na dama, to ba tsufa ba ne.

Yanzu ka gane abin da na gani jiya da na ɗora geji a tayarka. Injin mai faci an yi shi ne don tayar mota, abin da zai zuba cikin ƙiftawar ido ya fi ƙarfin tayar keke. Taya mai tiyub ma tana fashewa, balle wadda leɓe kawai ya riƙe ta. A jikin kowace taya an rubuta iyakar iskar da za ta ɗauka, wani rim ɗin ma yana da tasa iyakar. Ka duba duka biyun, ka bi wadda ta fi ƙanƙanta, kuma kada ka kai ta. Ka tuna rana tana ƙara wa iska ƙarfi, abin da ka sa da safe ba shi ne a ciki da azahar ba. In larura ta sa dole sai ka je wurin mai inji, ka je da gejinka, ka ce a danna a saki, a danna a saki, kana aunawa. Da ka ji leɓen ya hau, a tsaya. Kada ka kai fuskarka kusa, kada ka bari wani ya tsaya kusa. Kuma in mutane sun taru suna kallonka suna yaba maka, a lokacin ne za ka fi kula da abin da bakinka yake faɗa.

Za ka ɗauka daga nan na yi hankali. To, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. Tsoron iska ya kama ni. Tukur ya zo da famfonsa mai tanki ya zaunar min da sabuwar taya cikin sauƙi, ya ce in sayi irinsa ko aƙalla mai geji na gaskiya. Na sayi babba, amma gejinsa irin mai lambobi har sama da ɗari ne, a can ƙasa kusa da ƙafa, ƙanana kamar ƙwayar gero. Iskar da tayar nan take buƙata tana can farkon lambobin, inda allurar ko motsi ba ta cika yi ba. Da na ga ba na iya karantawa, sai na koma aunawa da yatsa, kuma kullum in rage, don gara ta yi laushi da ta fashe. Haka na yi ta hawa da taya mai taushi, ina ganin na yi wayo.

Wata Asabar muka miƙa hanyar Zariya ni da Tukur, muka kai Rigachikun muka juyo. Akwai inda muka sauka daga kwalta don kauce wa rami, za mu sake hawa. Na karya kan keken da ɗan sauri, gefen tayar gaba ya daki bakin kwaltar. Sai na ji fus, leɓen ya saki rim, iskar ta fita gaba ɗaya. Keken ya tsaya, ni ban tsaya ba. Na faɗi da kafaɗa a kan titi, rabin jikina a kan kwalta. Ina kwance na ga tirela tana tahowa, na ga tayoyinta, na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin kumatuna. Direban ya kauce, iskar motar ta ɗauke min hula. Tukur ya jawo ni gefe ta ƙafa. Mutumin nan da bakinsa ba ya shiru, sai ga shi zaune a ƙasa yana ta innalillahi. Can sai ya ce, "Malam Sani, da me zan je in gaya wa iyalinka?"

Ƙashin kafaɗata ne ya karye, wannan ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne tazarar da ke tsakanin kaina da tayar motar nan ba ta kai tsawon sallaya ba. Ummanku ma sai jiya na gaya mata.

Saboda haka ƙarancin iska ma halaka ne, kamar yawanta. Yatsa ba ma'auni ba ne. Ka zaɓi famfon da gejinsa yake sama kusa da hannu, mai manyan lambobi, wanda aka yi don taya mai faɗi, yadda za ka ga bambancin ashirin da talatin ba tare da ka tsuguna ba. Ka kuma riƙe ƙaramin geji na daban, lokaci-lokaci ka gwada su biyun ka ga ko bakinsu ɗaya. Tubles tana rage iska a hankali ko ba huda, don haka kafin ka fita kowace safiya ka auna, kamar yadda ba ka fita ba ka duba aljihunka ba. In ka ɗora jakar magunguna a baya, ka ƙara wa ta baya kaɗan.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da za a yi maka talla. Na'urar nan mai batir da ake caji, tana da amfani wurin ƙara iska, amma a hankali take hurawa, ba za ta zaunar maka da tayar da ta sauka daga rim ba, kuma ban san yadda wuta take a inda kake ba. Ƙananan gwangwanayen iska masu fita lokaci guda suna zaunar da taya, sai dai kowane ɗaya sau ɗaya ne, suna iya daskarar da ruwan cikin tayar, kuma in sun ƙare babu inda za ka samu a ƙauye. Abin da zai fisshe ka a daji shi ne ƙaramin famfon hannu da tiyub guda a jaka. In tsidau ko ƙayar aduwa ta yi wa tayar illar da ruwan ya kasa toshewa, ka cire bawul, ka shafa cikin tayar ka zare duk ƙayar da ta maƙale, ka sa tiyub ka dawo gida. Ruwan nan kuma yana bushewa, balle da zafin wajenku. In ka girgiza taya ba ka ji motsinsa ba, ka ƙara.

Jiya bayan na gama sakin iskar, na ce wa Ummanku keken nan ba zai bar gidan nan ba, gara ka yi ta tafiya a ƙasa. Na zauna na ba ta labarin tirelar. Sai ta ce in na hana ka wannan, wani za ka saya a can, ka kuma kai shi wurin wani mai facin, ba wanda zai gaya maka. Ta ce, "Ai ba keken ne ya yi maka ba, rashin tambaya ne. Ka tura masa, ka gaya masa duka."

Shi ya sa yau da safe na je na samu Tukur a shago, na ce ya rufe ya raka ni. Wannan karon ban buɗe baki ba, shi ya zaɓa, ni na ɗauka. Mai tanki ne, gejinsa a sama, mun gwada shi a kan kekensa kafin mu baro wurin. Za ka same shi ɗaure a jikin keken, tare da ƙaramin na hannu da tiyub da gorar ruwan taya. Tayoyin kuwa na bar musu iska kaɗan ce kawai, daidai yadda leɓen ba zai saki ba a mota. Kada ka hau shi a haka. Ka karanta abin da ke jikin tayar, ka sa iskar da hannunka, ka auna, sannan ka kira ni ka gaya min inda allurar ta tsaya. In wani abu ya shige maka duhu, a keke ko a aiki ko a zama da mutane, ka tambayi wanda ya riga ka sani, ko da kana ganin ka fi shi karatu.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka girmama mutanen da za ka shiga garkensu, dabbobin nan su ne dukiyarsu. Kada ka yi tafiyar da za ta kai ka magariba a daji.

Allah Ya kai maka keken lafiya, Ya sa ka hau lafiya ka sauka lafiya. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare mutane daga cutarwarka, Ya kare ka daga tasu, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Sani.